Monita Ba Ta da Laifi

Ka taɓa lura da abin da mutane ke yi idan kwamfuta ta ƙi kawo hoto? Ba mai sunkuyawa ƙarƙashin tebur. Hannu kan tafi ne kai tsaye wurin abin da ido ke gani. A ɗan mare ta a gefe. A ƙwanƙwasa mata ƙeya. A kashe, a kunna. Wani har ya sa hannun riga ya goge gilashin. Ita kuwa tana nan da 'yar fitilarta ruwan goro, ga wani ɗan akwatin rubutu yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ɗauke da kalma biyu: "No Signal".

An bar jaki ana dukan taiki. Monitar da ta kunna fitila, ta haska gilashi, ta rubuta harafi takwas ba kuskure, ai ta gama kawo shaidar lafiyarta. Wuta na shigarta. Hasken bayanta na ci. Abin da take faɗa bai wuce cewa ba a aiko mata da komai ba. Mai aikowar na can ƙasa, akwatin ƙarfen nan da kowa ke kira sifiyu. Ko dai shi ne bai aiko ba, ko kuma saƙon ya maƙale a wayar da ke tsakaninsu, wadda tsawonta bai wuce mita biyu ba.

Kwamfutar da nake nufi ita ce ta irin shagunan nan na bakin titi a garuruwanmu na arewacin Kano, su Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa, Bagwai, Dawakin Tofa. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Benci a waje. A ciki kwamfuta ɗaya, firinta, injin fotokofi, da ɗan injin da ke lulluɓe takarda da leda. A nan ake buga takardar cinikin gona da ta jingina. A nan ake tsara katin ɗaurin aure da kalandar saukar karatu. Malaman Islamiyya na kawo tambayoyin jarrabawa rubuce da biro. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, yara ke zuwa ciro silif. A ƙarshen 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, sai ga dattawan da hannunsu bai taɓa sauka kan kibod ba sun cika benci, kowa da takardarsa a cikin leda.

Ranar Lahadi kasuwar Ɗambatta ke ci. Mutumin ƙauye ba ya biyan kuɗin mota sau biyu. Ranar da ya kawo akuya ko buhun wake, ranar zai yi harkar takarda. In allon ya ƙi kawowa a wannan rana, ba mai shago kaɗai ya yi asara ba. Akwai wanda zai koma gida ya jira wata Lahadin, alhali wa'adin takardarsa Laraba ne. Na ji wani dattijo ya leƙa ta taga ya ce, "Yaro, sabis ne ya ɗauke?" Yaron shagon ya ce, "A'a Baba, ba ruwanta da sabis. Tsakaninta da akwatin ne. A ƙara haƙuri." Dattijon ya koma ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Kwamfutar nan ba 'yar nan ba ce. Beljiyam ce. Duba gefenta za ka ga tsohuwar sitika mai lamba, ta wani ofis ko wata makaranta a Ingila ko Amurka, da wata kuma ta Windows XP ko Windows 7 da ta koɗe. Yawanci Dell OptiPlex ce ko HP Compaq, irin waɗanda kamfanoni ke saye ɗari-ɗari, in sun tsufa su fitar ɗari-ɗari. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kwamfutoci ke sauka Legas duk wata, kuma da yawan abin da ke ciki ya wuce gyara. Wadda ke gabanmu tana cikin waɗanda suka tsira. Ta ratsa teku, ta kwana a Ikeja, ta hau tirela zuwa Kano, ta zauna a wani shago a titin Beirut. Daga can ta shiga but ɗin motar haya. Ƙarshe ta hau bayan babur, ɗaure da roba. Duk abin da ke cikinta wanda ba da dalma aka liƙe shi ba ya sha girgiza.

Sannan ka dubi inda aka kawo ta. Ƙasar nan tamu ba ta da daji. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, iyakar ma layin gamba ce ko na lalle. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Ya rubuta yadda jama'a mai yawa ke rayuwa a kan ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, da ƙarfin taki da toka. Irin wannan ƙasa ba ta da sutura da rani. Da zarar an yi girbi, an sare kara an jingine, an ɗora harawa a kan bishiya, shi ke nan fili ya zama tsirara har saukar ruwa. Iskar hunturu na taso da tata ƙurar tun daga ƙwarin Bodele a Chadi. Mu kuma mu ƙara mata da tamu: ƙaiƙayin sussuka, garin injin niƙa na maƙwabta, turɓayar da kowace mota ke tayarwa a bakin titi. A bayan akwatin kuwa akwai fanka da ke zuƙar iska tun safe har a rufe shago. Ba ta da rariya.

Ƙura ita kaɗai ba ta cika kashe kwamfuta ba. Tana toshe iska, zafi ya taru. Sai damina ta zo da laima, ƙurar ta jiƙe ta daskare a inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Zafin rana ya buɗe, sanyin asuba ya tsuke, kullum haka. Wata safiya sai wani wuri guda da ya kamata ya haɗu ya ƙi haɗuwa. Ban da su tsaka da kyankyaso da ke son ɗumin ciki, da zanzaro da ba ya ganin rami ya bar shi ba yumɓu.

Wanda ya iya aikin nan ba ya farawa da sukudireba. Yana farawa da abin da ba ya cin kuɗi, kuma daga waje. Abu na farko, wayar.

Ka san ta, mai shuɗin kai, da noti biyu a gefe da ake ɗaurewa da yatsa. Sunanta VGA. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987 tare da kwamfutocinsa na PS/2. Ta girmi yaron shagon, wataƙila ta girmi mai shagon ma. Juyo kanta ka duba ciki da fitilar waya. Haƙora ne sirara, layi uku, biyar-biyar. Uku na farko su ne ke ɗauke da launi: ja, kore, shuɗi. Na 13 da na 14 su ne ke gaya wa monita inda layi ke farawa da inda allo ke ƙarewa. In ɗaya daga cikin na launi ya lanƙwashe, hoto zai zo, amma a gurɓace. Shuɗi ya ɓata, farar takarda ta koma ruwan ɗorawa. Kore ya ɓata, komai ya yi jaja-jaja mai sirkin shuɗi. Da yawa suna aiki a haka wata da watanni, suna cewa tsufa ne. Amma in na 13 ko na 14 ne ya kwanta, ba hoto sam, sai kalmomin nan biyu.

Haƙorin da ya kwanta ana tayar da shi da matsefata ko bakin allura, a hankali, sau ɗaya. In aka lanƙwasa aka sake lanƙwasawa, karyewa yake. Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: sai mutum ya ƙirga ya ga 14, ya ce ga ɓarnar nan, ɗaya ya fita. Sau da yawa ba abin da ya fita. A layin tsakiya akwai gurbi na 9 da masu ƙera wayoyi da dama ke bari ba haƙori tun daga kamfani. An jefar da lafiyayyun wayoyi a kan wannan gurbi.

Notocin nan biyu kuwa ba mai ɗaure su. Yaro ya ja tebur zai yi shara, kan wayar ya ɗan zame ta gefe ɗaya. Da ido za ka ce tana ciki. Ko kuma wayar ta daɗe a tanƙware a jikin bango har ta karye ta ciki daidai wuyanta, fatar waje kuwa lafiya lau. Ana gane wannan in aka murza wuyan hoto ya ƙyalla ya ɓace. Ɓera ma ya san ɗanɗanon robarta.

In wayar ta tsira, sai a dubi ramin da aka sa ta. Wasu akwatunan rami biyu gare su masu kama ɗaya. Ɗaya na sama, cikin jerin ramukan kibod da filas. Ɗayan na ƙasa, shi kaɗai a layinsa, jikin wani kati da aka ƙara don hoto. In katin nan na ciki, yawanci na sama ba ya aiki. An kwashe kaya saboda rufi ya yi yoyo, ko an ari kwamfutar zuwa wurin taro, da aka dawo sai aka soka a inda hannu ya fara kaiwa. Haka ma monitar da ke da ƙofa biyu ko uku a bayanta. Tana da maɓalli a ƙasa da ke zaɓar ƙofar da za ta saurara. Wani yaro ya danna yana wasa, ta koma jiran HDMI, wayar kuwa tana VGA.

Bayan wannan sai aro. Ba na'urar gwaji da ta kai aro a irin wannan wuri. A karɓo wayar mai shagon gaba. A ɗauko monitarsa in ba ya aiki da ita. In babu, a tura gidan kallon ƙwallo, domin talabijin da yawa masu faɗin nan suna da shuɗin rami a baya an rubuta masa PC. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In aka canza waya da monita tare, hoto ya zo, ba wanda ya san wanne ne mai laifi, gobe kuma a sayi abin da ba a buƙata. Mai gidan kallon yakan ce, "Oga, a dai dawo mini da ita kafin la'asar, akwai wasa."

To, an canza waya, an canza allo, shiru. Yanzu magana ta dawo kan akwatin. Nan ma ba a buɗewa tukuna. Mai shago zai ce maka, "Ai yana aiki, ga fanka na juyawa." Juyawar fanka ba shaida ba ce. Fanka ba ta buƙatar komai sai 'yar wuta. Danna maɓallin Num Lock ko Caps Lock a kibod. In 'yar fitilar ta kama ta mutu yadda kake dannawa, kwamfutar ta farka, tana ji, hanyar hoto ce kawai ta toshe. In fitilar ta ƙi motsi, ba ta ma gama tashi ba. Ta tsaya ne a binciken da take wa kanta cikin daƙiƙun farko, kafin ta nemi Windows.

Sai kuma kunne. A kashe rediyo. A roƙi mai injin niƙa ya ɗan tsaya. Kwamfutar da ba ta iya nuna rubutu tana faɗar ciwonta da ƙara. A yawancin tsofaffin nan, ƙara ɗaya gajeriya na nufin lafiya. HP Compaq na ofis suna da nasu lissafin: jar fitila ta ƙifta sau biyar tare da ƙara biyar, ram ne. Sau shida, ɓangaren hoto ne. Sau huɗu, wuta ce. Sau biyu, zafi ya yi wa ƙwaƙwalwar yawa. Wasu Dell OptiPlex kuma suna da lambobi huɗu a goshi, 1 zuwa 4, waɗanda suka kama a cikinsu su ne bayanin. Kamfanonin sun wallafa ma'anar kowanne, ana samu a intanet da wayar hannu. Mutane kan ji ƙarar su ce kuka take. Ba kasafai ake ƙirgawa ba.

Yanzu ne ake buɗewa. A zare fulogi daga bango, ba a kashe soket kawai ba. A danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Sannan a dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu kafin a taɓa komai. Wannan ba camfi ba ne. Ka san tartsatsin da bargo ke yi da dare a hunturu. Wutar nan tana jikin mutum in iska ta bushe, kuma ta isa ta ƙone abin da ido ba ya gani.

Na tsaya a kan wani yaro yana wannan aiki a bakin ƙofa, inda haske yake. Ya kwantar da akwatin a kan tabarma. Ya zare murfin. Ciki ja wur, kalar hanyar da ta bi ta gaban shagon. Fankar da ke kan ƙwaƙwalwa ta yi gashi. Ya sa babban yatsa ya tare ta don kada ta juya, ya bi ko'ina da busasshen buroshin fenti. Bai hura da baki ba, saboda yawu. Ya ce wasu na kaiwa wurin mai faci a busa musu, amma iskar injin faci kan zo da ruwa. Sai ya danna wasu 'yan fararen maƙalai biyu, ɗan koren falle ya ɗago. Ram ke nan. Ya riƙe shi ta gefe da yatsa biyu. Layin zinaren da ke ƙasansa ya dushe, ya yi baƙi-baƙi a wurare. Ya ciro kilina irin ta 'yan firamare daga aljihu, ya goga a hankali, gaba da baya, har launin ya dawo. Ya kakkaɓe ɓurɓushin. Ya daidaita tsagar da ke jikin ram ɗin da ɗan tudun da ke cikin ramin, ya danna da yatsu biyu. Ƙas. Ƙas. In ba a ji sau biyun nan ba, bai zauna ba.

Ram biyu ne a ciki, amma ɗaya ya mayar. Ya ce in duka aka mayar kuma ɗaya ne matacce, mataccen zai hana mai ran aiki. Ya jona. Ƙara ɗaya. Fitilar monita ta tashi daga ruwan goro ta koma kore, tambarin kamfani ya fito. Mai shagon ya ce, "Nawa zan ba ka?" Ya ce, "Haba Alhaji, a dai sa albarka." An ba shi kuɗin mai da na abinci.

Akwai wata dabara da masu gyara ke yi in ba ƙara ko ɗaya. Su cire ram ɗin gaba ɗaya su kunna. Lafiyayyen madabod, wato babban farantin da ram ke zama a jikinsa, zai yi ta ƙara yana neman abin da aka ɗauke masa. In ya yi shiru a haka, kuma ƙaramar lasifikar tana nan, to abin ya yi zurfi.

Kafin a yanke hukunci, akwai wani ɗan batir zagayayye a kwance a jikin madabod. An rubuta masa CR2032. Faɗinsa milimita 20, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe da agogo da saitin kwamfuta idan ba wuta. A ofishin da wuta ba ta yankewa yana daɗewa, domin ba ya aiki sai an zare fulogi. A nan kuwa, inda kwamfuta ke kwana ba wuta ta wuni rabi ba wuta, shi ke ɗauke da nauyin. Alamarsa ta farko kwanan wata ne. Kullum da safe sai ka ga shekara ta koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa. Daga baya wasu kwamfutocin kan rikice su ƙi kawo hoto. Cire shi na 'yan mintuna yana mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani. Sabo kuwa ba sai an je Kano ba. Mai gyaran agogo na da shi a cikin gwangwaninsa.

Sai a bi 'yan gangunan nan da ke tsaye a kan madabod, kafasito. Kan kowanne ya kamata ya zama a baje. Wanda ya kumbura, ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kansa, ya gama. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika duniya da wasu marasa inganci, suka shiga kayan kamfanoni da dama. A 2005 Dell ta ware kusan dala miliyan 300 don gyaran OptiPlex GX270 da GX280 saboda wannan. Kwamfutar da ke da wannan ciwo ba ta mutuwa farat ɗaya. Yau sai an danna sau biyu. Wata mai zuwa sau biyar. Wata rana fanka kawai. Mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma yana canza su, in aka samo masu lamba ɗaya.

Wuta kuma babi ce guda. A bayan akwatin, kusa da inda wayar wuta ke shiga, tsofaffi da yawa suna da ɗan jan maɓalli mai lamba biyu, 115 da 230. Amurka na amfani da ta ƙasa, mu muna amfani da ta sama. Wadda ta zo daga can ba a juya ba, aka jona, ƙara ɗaya ce da hayaƙi. Ƙaramin janareta kuma yana da iyakarsa. Injin fotokofi da na leda duk zafi suke yi, zafi kuwa wuta yake ci. Lokacin da suke ɗumama, ƙarfin wutar kan faɗi, ka ji muryar janareta ta canza. In a daidai nan aka kunna kwamfuta, fawa fak ɗinta, wato abin da ke raba mata wuta, ba zai ba madabod izinin tashi ba. Fanka za ta juya, allo ya zauna baƙi. A kashe masu zafin, a tayar da kwamfuta tukuna. Masu sola da inbata sun ɗan huta da wannan, sai dai in batir ya yi ƙasa da yamma.

Monita ma tana mutuwa, ban ce ba ta yi ba. Amma mutuwarta daban take. Ba ta rubutu. Ko fitilarta ta ƙi kamawa sam, ko ta yi ta ƙiftawa, ko hoto ya zo na daƙiƙa biyu ya ɗauke. A irin wannan, haska gilashin da tocila ta gefe. In ka hango inuwar rubutu can ciki, hoton na nan, hasken baya ne ya mutu. Akwai kuma ranar da za ta rubuta "Out of Range". Wannan saƙo ya iso, amma ya fi ƙarfinta, an saita hoton ne don wata babbar monita. A Windows XP da 7 ana danna F8 lokacin tashi, a zaɓi ƙaramin hoto, 640 da 480, a gyara daga nan. Mai ƙaton baya irin ta da kuwa, mai kama da tsohuwar talabijin, kada wanda ba gwani ba ya buɗe ta. Tana aiki da dubban bolt, kuma tana riƙe wuta bayan an zare fulogi.

Tun Disamban 2010 Intel da AMD da wasu manyan kamfanoni suka sanar za su daina sa VGA zuwa 2015. Sun daina ɗin. Ita kuwa tana nan a kowane shago. Abin da ya jawo shi ne sabon allo da tsohon akwati, ko tsohon allo da sabon akwati, bakinsu ba ya haɗuwa. Sai a sayo ɗan abin haɗi. Nan ake yawan asarar kuɗi. Harshen VGA daban, na HDMI daban, dole akwai wata 'yar na'ura a ciki da ke juya ɗaya zuwa ɗaya, kuma hanya ɗaya take bi. Wadda ke ɗauka daga HDMI ta kai VGA ba ta dawowa baya. Ga tsohon akwati da sabon talabijin, ɗayar ake buƙata, wadda yawanci ke da ƙarin wayar USB don shan wuta. A leda kamanninsu ɗaya. Mai saye ya dawo gida tun daga birni, ya jona, ya ga kalmomin nan biyu.

Abin da ke ci mini rai a harkar nan shi ne kalmar fomatin. Ana kai kwamfutar da ba ta kawo hoto, a ce sai an yi mata fomatin. Allon da bai nuna ko tambarin kamfani ba, matsalarsa ta riga Windows tashi. Ba ruwan abin da ke cikin hadis ɗin kwamfutar, inda take adana takardu da hotuna. Wani zai goge ram a ɓoye, hoto ya dawo, sannan ya share komai don aikin ya yi kama da na kuɗi. Wani kuma ba mugunta ba ce, iyakar abin da aka koya masa ke nan. Ko wanne ne, abin da ke tafiya ɗaya ne. Kwafin takardun gonaki na shekaru. Jerin sunayen ɗaliban Islamiyya. Hotunan fasfo na mutanen da wasunsu sun rasu, waɗanda 'ya'yansu kan zo nema. Mai shago ya cancanci a gaya masa gaskiya, ko da gaskiyar kilina ce.

Haka nake ji idan na shiga wasu makarantun yankin nan na ga ɗakin kwamfuta a kulle. Ka leƙa ta taga, ga su a jere an rufe da zane. Ka tambaya, a ce sun lalace, ana jiran injiniya daga Kano. An kawo kaya, an yanka ƙyalle, an yi hoto, ba a zaunar da malami ko ɗaya an nuna masa inda ram yake ba. Ina da yaƙinin da za a ba yaron nan na kan tabarma wuni guda da buroshinsa da 'yan batura, da wasu daga ciki sun tashi. Yaran makarantar kuwa su ne za su je zana JAMB a gaban allo. Wasu ranar ce farkon riƙe linzaminsu.

Kuma wasu tsofaffin na tafe. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Windows 11 ba ta hawa kwamfutoci da yawa masu sauran ƙarfi. Ofisoshin can za su fitar, kwantena za ta ɗauko. Waɗanda za su zo sun fi waɗannan sauri, bakin wayarsu ma daban ne. Fankarsu dai iska za ta zuƙa.

Akwai ranar da kilina ba ta isa. An goge, an canza rami, an gwada ɗaya-ɗaya, ƙara biyar ɗin nan na nan. Ram ɗin ya mutu, sai sabo, sabo kuwa sai Kano. Nan ma akwai inda ake tuntuɓe. DDR2 da DDR3 na kwamfutar tebur tsawonsu ɗaya, haƙoransu 240 kowanne. Tsagar da ke ƙasa ce kawai ba wuri ɗaya take ba, kuma wanda ba nasa ba ba ya shiga, in aka matsa sai dai a fasa ramin. Ba a aika direba da baki. Ana tafiya da tsohon ne a aljihu, naɗe a takarda, a ɗora shi a kan sabon a gaban mai sayarwa, tsaga ta hau tsaga. Sannan a ce ya sa a tasa kwamfutar ya kunna, a gani, kafin a miƙa kuɗi.